Me Ke Cikin Makilin Ɗinmu? Yadda Ɗakin Gwaji Ke Gano Guba

Cikin kayan da muke saye domin gida, da wuya a sami wanda ba mu damu da bincikensa ba kamar makilin. Idan uwargida za ta sayi manja takan ɗanɗana, idan gero ne takan ɗiba ta duba ko akwai tsakuwa, amma makilin sai dai mu tambayi kuɗinsa, mu dubi girman kwalin, mu biya mu tafi. Alhali kuwa abu ne da ke shiga bakinmu safe da dare, tun daga kaka har jika, kuma ƙananan yara sukan haɗiye wani kashi nasa domin zaƙinsa.

A shekara ta 2007 duniya ta farga cewa wannan sakaci yana da haɗari, sa'ad da aka tarar da guba cikin man goge baki a ƙasashe fiye da 30. Gubar nan ba baƙuwa ba ce a wurinmu, gama ita ce ta kashe yara a Jos a 1990, ita ce kuma ta sake kashe waɗansu a 2008 ta cikin maganin haƙorin jarirai. A wannan mako za mu bi labarinta, mu ga yadda take shiga kaya, da yadda ma'aikatan ɗakin gwaji suke gano ta, da kuma ɗan abin da ya rage a hannunmu mu masu saye.

Tagwayen da ba a rarrabewa da ido

Makilin haɗi ne na abubuwa da dama. Akwai gari mai laushi, kamar na alli ko na silika, wanda ke kankare dattin haƙori. Akwai abin da ke sa kumfa, da abin ƙanshi, da fulorayid mai ƙarfafa haƙori. Sa'an nan akwai wani ruwa mai kauri wanda ke hana makilin bushewa cikin bututunsa, yana kuma ba shi ɗan zaƙi. Yawancin kamfanoni giliserin ko sobitol suke sawa domin wannan aiki. Giliserin daga man itatuwa ko kitsen dabbobi ake samunsa, kuma mai tsabta ba ya cutar da mutum, shi ya sa ake sa shi cikin magungunan ruwa na yara.

To, giliserin yana da wani mai kama da shi, wanda a jikin kaya ake rubuta sunansa da Turanci diethylene glycol, a taƙaice kuma DEG. Shi ma ruwa ne mai kauri, ba shi da launi, ba shi da wari, ga shi da zaƙi a baki. Aikinsa na masana'antu ne: ana sa shi cikin man birki, da ruwan sanyaya inji, da fenti, da tawada. Ya fi giliserin na magani araha, kuma nan ne jarabar take. Ɗan kasuwa marar tsoron Allah yana iya cika durom da shi, ko ya gauraya su, ya manna takardar giliserin, kuma babu mai ganewa da ido, ko da hanci, ko da harshe.

Idan DEG ya shiga ciki, hanta takan juya shi ya zama waɗansu sinadarai masu asid, su ne kuwa ke lalata ƙoda. Da fari sai amai da ciwon ciki da gudawa, abubuwan da kowace uwa ta saba gani. Bayan kwana ɗaya zuwa uku sai fitsari ya ragu ko ya ɗauke ɗungum. Waɗanda suka wuce wannan mataki, gubar takan taɓa jijiyoyinsu, fuska ta shanye, gaɓoɓi su mutu, numfashi ya gagara. Akwai maganin da ke tare aikin hanta a kan gubar, akwai kuma wankin ƙoda, amma sai an gane abin da wuri, kuma ba kowane asibiti ke da su ba.

Tun 1937 aka san halinta. A wannan shekara wani kamfani a jihar Tenesi ta Amurka ya narkar da maganin sulfa cikin DEG ya sayar ba tare da gwaji ba, mutane fiye da 100 suka mutu, da yawansu yara. Abin da ya sa ke nan a 1938 Amurka ta kafa doka cewa sai an nuna sabon magani ba ya cutarwa kafin a kai shi kasuwa.

Durom 46 da babu wanda ya gwada

Labarin makilin na 2007 ya faro ne daga wani bala'i da ya sami ƙasar Panama, a Amurka ta Tsakiya, shekara guda kafin nan. A 2006 likitocin babban asibitin hukumar inshorar jama'a ta ƙasar suka fara ganin marasa lafiya, yawancinsu manya, suna zuwa da ƙoda ta tsaya da shanyewar jiki. Aka yi ta neman dalili, aka zargi wannan aka zargi wancan, har aka aika da samfurin magungunan da suke sha zuwa cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka da ke Atlanta. Can ne gwaji ya nuna DEG cikin wani maganin tari wanda hukumar da kanta ta haɗa ta raba wa jama'a.

Da aka bi sawu sai aka tarar da durom 46 na abin da aka saya a matsayin giliserin. Wata masana'anta a Taixing ta ƙasar Sin ce ta yi shi, ba ta kuwa da izinin yin kayan magani. Daga hannunta ya je ga dillali a Beijing, daga nan ga wani dillali a Barcelona ta ƙasar Sifen, daga nan ga wani a Panama. Takardar shaida ta biyo kayan tana cewa giliserin ne mai tsabta kashi 99.5 cikin ɗari. Kowane dillali ya kwafe takardar a kan tasa, ya cire sunan wanda ya sayar masa don kada mai saye ya tsallake shi. Babu ko ɗaya cikinsu da ya ɗebi ruwan ya gwada, haka ma waɗanda suka haɗa maganin ba su nemi DEG a ciki ba. Fiye da kashi 20 cikin ɗari na abin da ke cikin durom ɗin guba ne. An cika kwalabe wajen 260,000 da maganin, mutane fiye da 100 kuma suka rasa rayukansu.

Darasin da masana suka ɗauka daga nan shi ne, takardar shaida magana ce kawai ta mai sayarwa. Kaya yana iya ratsa ƙasashe uku da hatimi a kowace tasha, amma in ba a buɗe durom an gwada ba, ba a san abin da ke ciki ba.

Mutumin da ya karanta kwali

A watan Mayu na 2007 wani ƙaramin ma'aikacin gwamnati mai suna Eduardo Arias, ɗan ƙabilar Kuna, ya shiga wani kanti mai araha a birnin Panama. Ya ga makilin na senti 59, ya karanta jerin abubuwan da aka haɗa shi da su, sai ya ga sunan gubar nan a rubuce ɓaro-ɓaro. Shi ba likita ba ne, ba kuwa masanin kimiyya ba, amma wata da watanni yana jin sunan a rediyo da talabijin saboda maganin tarin. Ya sayi guda ɗaya, ya ɗauki hutun kwana guda daga wurin aikinsa, ya yi ta zagaya ofisoshin lafiya, wannan ya tura shi wancan, har aka karɓi ƙorafinsa. Bayan 'yan kwanaki hukumomin lafiya suka sanar wa ƙasa cewa an sami DEG cikin makilin mai suna Mr. Cool da mai suna Excel, dukansu daga ƙasar Sin.

Daga nan sai magana ta bazu. Ƙasashen maƙwabta suka bincika suka samu, Ostareliya ta samu, Kanada da waɗansu ƙasashen Turai suka samu. Ran 1 ga Yuni hukumar abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta gargaɗi jama'a su zubar da duk makilin da aka yi a Sin, bayan gwajinta ya nuna DEG kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari a waɗansu. Abin lura a nan shi ne, ba duk mai gubar ne ya rubuta ta a kwali ba. Waɗansu sun rubuta giliserin ne kurum, sai na'ura ce ta tona su.

Cikin watan nan kuma aka kama jabun Colgate a kantunan araha na Amurka, an rubuta a jikinsa wai a Afirka ta Kudu aka yi shi, ga kurakuran rubutu a kwalin. Kamfanin Colgate ya ce ba nasa ba ne, kuma ba ya amfani da DEG. Sa'an nan aka gano cewa an riga an raba makilin mai gubar wajen guda 900,000 a gidajen yari, da asibitocin masu taɓin hankali, da gidajen horon yara a jihar Jojiya da maƙwabtanta. Wato ya fi isa ga waɗanda ba su ne ke zaɓar abin da za su yi amfani da shi ba, waɗanda ake saya wa a sari, mafi araha.

Da fari hukumomin Sin sun ce ɗan kaɗan na DEG cikin makilin ba ya cutarwa tun da tofarwa ake yi. Gaskiya ne ba a ba da rahoton wanda makilin ɗin ya kashe ba. Amma likitoci sun amsa cewa yara suna haɗiyewa, masu ciwon ƙoda da hanta kuwa ba su da ƙarfin jure ko kaɗan, kuma abin da ake sawa a baki kullum ba wurin guba ba ne. A watan Yuli na 2007 Sin ta haramta sa DEG cikin man goge baki. A nan gida ma, cikin wannan shekara, hukumar NAFDAC a ƙarƙashin Farfesa Dora Akunyili ta gargaɗi 'yan Nijeriya a kan makilin da ake shigowa da shi daga waje saboda wannan guba.

Abin da ya same mu a Jos da Zariya

Mu a Arewa ba sai an ba mu labarin Panama kafin mu san DEG ba. Tsakanin Yuni da Satumba na 1990 yara 47 suka mutu a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos bayan sun sha farasitamol na ruwa wanda aka haɗa da wannan guba a maimakon ruwan da ya kamata. Idan aka haɗa da na Ibadan, yaran da suka mutu a ƙasar nan a wannan shekara sun haura 100. Wannan masifa tana cikin dalilan da suka sa aka kafa NAFDAC da doka ta 15 ta 1993.

Shekara 18 bayan haka abin ya dawo, wannan karon ta bakin jarirai. A watan Nuwamba na 2008 likitoci a Zariya da Legas da Ibadan suka ga ƙananan yara suna zuwa da zazzaɓi da amai, fitsari ya ɗauke. Da aka tambayi iyaye, sai suna guda ya yi ta fitowa, wato My Pikin, maganin ruwa da ake ba yaro sa'ad da haƙori ke fito masa. Gwaji ya nuna DEG a cikinsa. Kamfanin Barewa na Legas da ya yi shi ya sayi ruwan haɗin ne daga hannun ɗan kasuwar sinadarai marar lasisi. Yara aƙalla 84 suka mutu. A 2013 babbar kotun tarayya da ke Legas ta ɗaure ma'aikatan kamfanin biyu shekara bakwai bakwai.

Iyayen yaran nan ba sakaci suka yi ba. Sun sayi magani a kemis, mai kwali, mai suna, domin su sauƙaƙa wa ɗansu. Abin da zai cece su shi ne gwajin da ya kamata a yi wa durom tun kafin a zuba shi a tukunyar haɗi.

Yadda ake gwajin

Aikin yana farawa ne tun kafin a kai ɗakin gwaji. Jami'i yakan ɗebi samfur daga tashar jiragen ruwa, ko masana'anta, ko kasuwa, ya rubuta lambar rukunin da aka buga a jiki, ya rufe ya sa hatimi. Kowane hannu da samfurin ya ratsa sai an rubuta, domin idan magana ta kai kotu kada a ce an musanya a hanya.

A ɗakin gwaji ana auna ɗan makilin a kan sikeli mai jin nauyin ƙwayar gishiri, a narkar da shi cikin wani ruwa irin barasar masana'anta, a tace garin a bar ruwan. Daga nan hanya biyu ce.

Ta farko mai sauƙi ce, ana yinta domin tantancewa. Ana ɗiga ruwan a gindin wani faranti mai shafe da farin gari, a ɗiga sanannen DEG kusa da shi, a tsayar da farantin cikin ɗan ruwan sinadari. Ruwan yakan hau farantin kamar yadda kananzir ke hawan lagwani, yana jan abubuwan da ke cikin ɗigon, kowanne kuwa da inda yake tsayawa. Idan aka fesa abin da ke fito da launi, aka ga tabo a layin samfur daidai da tsayin tabon DEG, to akwai abin bincike. Wannan hanya ba ta da tsada, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ita ga ƙasashen da ba su da manyan na'urori.

Ta biyu ita ce mai yanke hukunci, ana kiranta gas kiromatogirafi. Ana ɗura ɗigon da bai kai hawaye ba cikin na'ura mai zafi, nan take ya zama tururi. Iska ta musamman takan tura tururin cikin wani siririn bututu, kaurinsa kamar zare, tsawonsa kuwa wajen mita 30, a naɗe cikin tanda. Cikin bututun an shafe shi da abin da ke riƙe waɗansu sinadarai fiye da waɗansu, saboda haka duk da cewa tare suka shiga, ɗaya bayan ɗaya suke fita. A bakin fita akwai ma'auni da ke zana tudu a fuskar kwamfuta duk sa'ad da wani ya fito. Mintin da tudun ya bayyana shi ke faɗin ko wane ne, girmansa kuma shi ke faɗin yawansa. Giliserin da DEG, waɗanda ido ya kasa rarrabewa, a nan kowa da lokacin fitarsa. Idan ana son ƙarin tabbaci sai a haɗa da wata na'urar da ke farfasa sinadarin ta auna nauyin gutsattsarinsa.

Iyakar da littattafan ƙa'idar magunguna suka sa wa giliserin ita ce kada DEG ya wuce kashi 1 cikin 1,000. Makilin na 2007 mai kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari ya ninka wannan sau 30 zuwa 40. Tun 2007 kuma FDA ta shawarci masu yin magani su gwada kowane durom na kowane rukuni, kada su dogara ga takardar mai sayarwa, domin cikin kaya guda ana iya samun durom mai kyau kusa da mai guba. A 2023 ta faɗaɗa shawarar ta haɗa da sobitol da sauran ruwan haɗi.

Dalma, ƙwayoyin cuta da fulorayid

DEG ba shi kaɗai ake nema ba. Garin da ke kankare haƙori, kamar alli da yumɓu, daga ƙasa ake haƙo shi, ƙasa kuwa takan zo da dalma, da asanik, da zaiba, da kadimiyom. Mun ga abin da dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara wajen 400 suka mutu a ƙauyukan haƙar zinariya. Abin da ake samu cikin makilin bai kama ƙafar wannan ba, amma likitoci sun ce babu wani adadin dalma da aka sani ba ya taɓa ƙwaƙwalwar yaro, shi ya sa ake auna ko ɗan mitsitsi. Ana dafa samfurin cikin asid har ya narke sarai, a fesa shi cikin wuta mai zafin dubban digiri, na'ura ta ƙirga ƙarafan. Tana iya gano kashi 1 cikin biliyan.

A 2025 wata ƙungiya a Amurka mai suna Lead Safe Mama ta aika da makilin iri 51 ɗakin gwaji, ta ce an ga dalma a kashi 90 cikin ɗari nasu. Yawan da aka gani bai ƙetare iyakar gwamnatin tarayyar Amurka ba, amma masu fafutuka suna cewa iyakar ce ta yi sassauci. A nan sai mu yi hattara da irin labarin da ke yawo a waya. Cewa an ga abu daban ne da cewa ya kai yawan da zai cutar. Tambayar da za mu riƙa yi ita ce, nawa aka gani, wane ɗakin gwaji ne, kuma mece ce iyaka.

Ana kuma neman ƙwayoyin cuta. Ana shafa samfur a kan faranti mai abincinsu, a ajiye cikin ɗumi kwana biyu ko fiye, a ga abin da zai tsiro. A Nuwamba na 2024 FDA ta rubuta wa kamfanin Tom's of Maine takardar gargaɗi bayan an sami ƙwayoyin cuta cikin ruwan da masana'antarsa ke haɗa makilin da shi. Wannan ya nuna mana cewa sanannen suna ma yana bukatar mai sa ido.

Fulorayid kuwa ba gurɓata ba ne, da gangan ake sa shi domin yana hana ruɓewar haƙori. Duk da haka ana auna shi, gama idan ya yi kaɗan ba ya aiki, idan ya yi yawa a jikin yaro yakan ɓata launin haƙori. Makilin na manya yakan ƙunshi kashi 1,000 zuwa 1,500 cikin miliyan. A wurare irin su Langtang, inda ruwan sha da kansa yake da fulorayid mai yawa, iyaye sun san haƙoran yara masu ratsin ja, saboda haka ya fi kyau su ƙara kula kada yara su riƙa haɗiye makilin.

Ƙasar da ba ta da ɗakin gwaji

Na'urorin nan suna da tsada, suna bukatar wutar lantarki marar yankewa, da iskar gas mai tsabta, da ƙwararrun ma'aikata. A 2022, sa'ad da yara wajen 70 suka mutu a Gambiya bayan sun sha magungunan tari daga Indiya, ƙasar ba ta da inda za ta gwada su, sai da aka aika da samfur waje. Kafin sakamako ya dawo, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi shela a watan Oktoba, an yi makonni yara suna mutuwa. A wannan shekara irin gubar ta kashe yara fiye da 200 a Indonesiya.

Nijeriya tana da ɗakunan gwaji na NAFDAC a Legas, da Kaduna, da Maiduguri, da Agulu da waɗansu wurare. Masu jabu sun san darajarsu, gama a 2004, lokacin da ake tsananin yaƙi da su, an ƙone na Kaduna. Amma ko ɗakin gwaji mafi kyau, abin da aka kai masa kaɗai yake gani. Lambar NAFDAC a jikin kaya tana nufin an duba samfurin da kamfani ya gabatar an yi masa rajista. Kayan da aka yi fasa-ƙwaurinsa ta kan iyaka bai bi ta nan ba, mai jabu kuma yana iya buga lambar wani a kwalinsa. Don haka ne hukumar take sayen kaya a kasuwa ta sake gwadawa, don haka ne kuma take bukatar idon jama'a.

Abin da ke hannunmu

Ba za mu iya yin gwajin nan a gida ba. Babu ɗanɗanawa, ko ƙonawa, ko narkarwa a ruwa da zai nuna DEG, duk wanda ya ce akwai kuwa ya ruɗe mu ne. Amma akwai abin da kowane gida zai iya.

Mu karanta kwali. A nemi lambar NAFDAC, da sunan kamfani da cikakken adireshinsa, da lambar rukuni, da ranar da kayan zai daina aiki. A kwatanta abin da ke kan kwali da abin da ke jikin bututun. Kurakuran rubutu, da launi mai dishi-dishi, da arahar da ta wuce hankali, duk alamu ne na jabu. Wanda ya iya karatu a gida ya karanta wa wanda bai iya ba. In aka ga diethylene glycol ko DEG cikin jerin, kada a saya.

Mu tsaya a kan yara sa'ad da suke goge baki. Yaron da bai kai shekara 3 ba, ɗan shafe kamar ƙwayar shinkafa ya ishe shi. Daga 3 zuwa 6, kamar ƙwayar wake ƙarama. A koya musu tofarwa, a kuma ajiye makilin inda hannunsu ba ya kaiwa. Kada tsoro ya sa mu daina goge baki, gama ruɓewar haƙori ta fi kusa da mu nesa ba kusa ba. Wanda bai amince da makilin da ke gabansa ba, asuwaki mai tsabta yana nan har ya sami na kirki.

Mu rabu da al'adar ɗura wa jariri maganin haƙori. Fitowar haƙori takan sa yaro dalala da ƙaiƙayin dasashi da rigima, kuma shafa dasashin da yatsa mai tsabta yana sauƙaƙa masa. Zazzaɓi mai zafi da gudawa kuwa ba haƙori ke kawo su ba, ciwo ne da ke bukatar asibiti. Idan yaro ya sha wani magani sa'an nan fitsarinsa ya ragu ko ya tsaya, a kai shi asibiti a ranar, a tafi da kwalbar.

'Yan'uwa masu saye a sari su ƙara lura. Zumuntar mata, da ƙungiyoyin matasa, da kwamitocin da ke kai sabulu da makilin gidan yari, da gidan marayu, da sansanin 'yan gudun hijira, da makarantun kwana, su tuna inda makilin na 2007 ya fi taruwa. Wanda ake kai wa kyauta ba ya iya mayarwa. A saya daga dilan da aka sani, a karɓi rasit, a rubuta lambar rukuni a littafin kwamiti. Haka ma kayan agaji da ke zuwa daga waje cikin kwalaye, a duba su kafin a raba. Asibitocinmu da ke haɗa magungunan ruwa da kansu kuma su nemi shaidar gwajin DEG na durom ɗin da aka kawo musu, ba takardar dillali kaɗai ba.

Daga ƙarshe, in mun ga abin da bai kwanta mana ba, kada mu jefar mu yi shiru, domin ragowar katan ɗin yana nan a kanti, maƙwabci zai saya. A adana bututun da kwalinsa, a rubuta inda aka saya da ranar, a kai ofishin NAFDAC na jiha ko a ba ma'aikacin lafiya mafi kusa ya kai. Idan an tura mu wani ofis, mu daure mu je. Ɗakin gwaji na Kaduna ko na Maiduguri ba zai san abin da ake sayarwa a kasuwar ƙauyenmu ba sai wani daga cikinmu ya kai masa.